Shekara 32 da Suka Ɓace Daga Majigi: Nazarin Aikin 'Yan Aji Shida a Winnipeg

A ƙasar Kanada, Yuni wata ne na tunawa da tarihin 'yan asalin ƙasa. Majalisar dokokin tarayya ce ta ware shi a 2009, ranar 21 ga watan kuma ita ce ranarsu ta ƙasa tun 1996. Idan ya ƙarato, makarantun firamare da yawa sukan ba yara aiki iri ɗaya: a zaɓi wani fitacce daga cikin al'ummomin nan, a binciko tarihinsa, a tsara shi a shafukan majigi a kwamfuta, sannan a tsaya gaban aji a gabatar. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda wannan aiki ya gudana a aji ɗaya, ajin shida na wata makarantar gwamnati a birnin Winnipeg na lardin Manitoba, inda nake aikin taimaka wa malamar aji. Yaran 'yan shekara 11 zuwa 12 ne.

Garin da mutanensa

Sai an san garin kafin a gane nauyin aikin. Tsarin mulkin Kanada na 1982 ya ambaci rukuni uku na 'yan asalin ƙasa: First Nations, wato al'ummomi irin su Anishinaabe da Cree, da Inuit na can arewa mai ƙanƙara, da Métis, waɗanda suka samo asali daga auratayyar fataken fatu Turawa da matan ƙasar, har suka zama al'umma mai harshenta da tutarta. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kusan mutum miliyan 1.8, kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, da harsuna sama da 70. Babu birnin da ya kai Winnipeg yawansu, don sun haura dubu 100. Birnin yana zaune ne a kan ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, wadda aka sa wa hannu ranar 3 ga Agusta 1871 a Lower Fort Garry tsakanin masarautar Ingila da al'ummomin Anishinaabe da Cree. Ko ruwan famfon da yaranmu ke sha a makaranta daga tafkin Shoal ake janyo shi, alhali mutanen Shoal Lake 40, al'ummar 'yan asalin ƙasa da ke bakin tafkin, sun yi shekara 24, daga 1997 zuwa 2021, ba sa iya shan nasu sai an tafasa.

Akwai kuma batun makarantun kwana, inda gwamnati da coci-coci suka raba yara kimanin dubu 150 da iyayensu don a raba su da harshensu da al'adunsu. Sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda alƙali Murray Sinclair, ɗan Manitoba, ya shugabanta, ta kammala aikinta a 2015 da buƙatu 94. Ta 62 a cikinsu ta nemi a riƙa koyar da tarihin makarantun nan, da yarjejeniyoyi, da gudummawar 'yan asalin ƙasa, tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare, gwargwadon shekarun yaro. Aikin majigin da nake magana a kai daga wannan kira ya samo ƙarfinsa.

Ajin namu yara ashirin da 'yan kai ne. Akwai Anishinaabe da Cree da Métis, akwai 'ya'yan mutanen Filifin da Indiya da Yukiren da Eritiriya da Najeriya, wasu ma ba su daɗe da zuwa ba, Turancinsu bai nuna ba. Tun kafin a fara, malamar ta ja ni gefe ta gargaɗe ni kada in taɓa juyawa ga yaro ɗan asalin ƙasa in ce ya tabbatar mana da wani abu a madadin mutanensa. Idan ya ga dama ya yi magana da kansa, to madalla. Wasu daga cikin kakanninsu sun yi zaman makarantun kwanan nan, kuma ba kowane gida ne ake zancen ba.

Zubin farko

An raba su uku-uku. Kowane rukuni zai shirya shafi shida zuwa takwas a Google Slides, ya yi magana ta minti huɗu. Tare da umarnin aka raba musu takardar maki, wadda aka daɗe ana amfani da ita a makarantar. Ta ware maki ga yawan bayanan da aka kawo, maki ga yawan hotuna, maki ga ado da launi da motsin shafi.

Da muka duba zubin farko, kusan duk kamarsu ɗaya. Shafin farko suna da hoto. Na biyu ranar haihuwa da ranar mutuwa. Daga nan sai rubutu cunkus, an kwafo daga intanet an liƙa, da ƙananan haruffan da ko na layin gaba ba zai iya karantawa ba. A gefe kuwa ado: gashin gaggafa, tanti mai tsini, dogon gungumen sassaƙa, da wani zobe mai saƙar raga da ake kira tarkon mafarki. Rukunin da ya zaɓi Kenojuak Ashevak, mai zane 'yar Inuit daga Kinngait kusa da tsibirin Baffin, ya kewaye ta da tantunan mutanen fili, waɗanda ba su da wata alaƙa da ita ko da ƙasarta. Gungumen sassaƙa kuma na mutanen gaɓar tekun yamma ne, amma ga shi a bayan hoton Louis Riel, jagoran Métis na bakin Jan Kogi, kogin da ya ratsa Winnipeg. A shafuka da dama an rubuta "ɗan asalin ƙasa ne" kawai, babu sunan al'ummarsa. Duk labaran kuma a kan nasara suka tsaya, lambar yabo ko kofi ko muƙami, sai shafin godiya.

Ni dai a ganina yaran ba su yi lalaci ba. Sun karanta takardar maki da kyau, suka ba ta abin da ta nema. An ce yawan bayani, suka jibga. An ce ado, suka rubuta "ɗan asalin ƙasa" a akwatin neman hoto, suka ɗauki abin da ya fara fitowa. Malamar ma haka ta gani, shi ya sa ba ta fara da yi musu faɗa ba. Ta karɓe takardar gaba ɗaya, ta ce za a sake ta.

An rufe kwamfuta

Mataki na farko shi ne aka rufe kwamfutoci. Kowane rukuni aka ba shi ƙananan katuna shida da fensir, aka ce a kowane kati a rubuta jimla ɗaya cikakkiya, mai faɗin wani abu game da mutumin. Kai irin su "Ƙuruciyarsa" ko "Nasarorinta" ba a karɓa. Dole ya zama magana wadda za a iya cewa gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce, misali: "Tom Longboat ya gudu daga makarantar kwana tun yana yaro." Idan aka jera katunan shida aka karanta su kaɗai, ya kamata labarin ya fito. Idan bai fito ba, ba a buɗe kwamfuta.

Wannan dabara ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Michael Alley na jami'ar jihar Pennsylvania ya daɗe yana koya wa injiniyoyi su sa cikakkiyar jimla a kan shafi, sannan su kawo hujjarta da hoto ko zane. Richard Mayer na jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara kuma ya nuna a bincikensa cewa idan mai magana yana karanto dogon rubutun da ke kan allo, masu sauraro ba sa ƙaruwa, domin ido da kunne suna rige-rigen abu ɗaya, kuma adon da bai shafi darasi ba yana janye hankali. Abin da na gani da idona shi ne yaro ba zai iya kwafo jimlar kati daga intanet ba. Sai ya fahimci sakin layi sannan ya iya matse shi ya zama jimla ɗaya. Nan take muka gane waɗanda suka karanta da waɗanda suka liƙa kawai.

Aka ƙara sharuɗɗa kaɗan. A shafin farko dole a ambaci al'ummar mutumin da garinsa, a nuna wurin a taswira. Hoto ɗaya a shafi, kuma sai an san wane ne a ciki, da wanda ya ɗauka ko inda aka samo. Babu adon da bai fito daga rayuwar mutumin ba. Sauran bayani a koma da shi wurin rubutun mai magana da ke ƙasan shafi, ko a katin hannu.

Rukunin Tommy Prince

A nan ne aikin ya yi zurfi, don haka zan tsaya a kai.

Maza biyu da mace ɗaya ne suka zaɓi Saje Tommy Prince, kuma ba abin mamaki ba ne, don sunansa yana kan titi da cibiyar wasanni a Winnipeg, labarinsa kuma irin wanda yara ke so ne. An haife shi a 1915, ɗan al'ummar Brokenhead Ojibway ne, daga zuriyar sarki Peguis. Ya yi makarantar kwana ta Elkhorn. Ya shiga soja a 1940, daga baya aka ɗauke shi cikin runduna ta musamman ta haɗin gwiwar Kanada da Amurka. A Fabrairun 1944, a fagen Anzio na Italiya, ya ja wayar tarho mai tsawon mita 1,400 zuwa wani kangon gidan gona da bai fi mita 200 daga Jamusawa ba, ya zauna yana sanar da masu igwa inda za su harba. Da harsashi ya tsinka wayar, sai ya sa kayan manomi da ya samu a gidan, ya ɗauki fartanya, ya fita yana noma a gaban idon abokan gaba, har ya kai inda ta tsinke, ya durƙusa kamar mai ɗaure takalmi ya haɗa ta. A watan Satumba na shekarar, a kudancin Faransa, ya yi tafiyar kilomita 70 a ƙasa cikin duwatsu don kai rahoton inda Jamusawa suka yi sansani. A Fabrairun 1945 Sarki George na Shida ya maƙala masa lambar yabo a fadar Buckingham, ga kuma ta Amurka. Jimillar lambobinsa 11.

Zubinsu na farko a nan ya tsaya: tankokin yaƙi, ƙarar bam duk lokacin da shafi ya juya, hoton fada, sai godiya. Da suka kawo katunansu, malamar ta karanta, ta yaba, sannan ta yi tambaya ɗaya. Ta ce an ba shi lambar a 1945, ya rasu a 1977, to ina shekara 32 ɗin da ke tsakani?

Suka koma suka karanta, suka dawo jikinsu a sanyaye. Sun gano cewa mutumin da sarki ya karrama ya yi shekarunsa na ƙarshe a ɗakin kwanan marasa galihu na Salvation Army a Winnipeg, da ciwon gwiwa da abin da yaƙi ya bar masa a zuciya, kuma lambobin nasa ma sun fita daga hannunsa. Ɗaya daga cikin mazan, yaro mai natsuwa, ya ce shi ba zai faɗi wannan a gaban aji ba. Hujjarsa ita ce tonon asiri ne, mutumin jarumi ne, kuma idan aka faɗa wasu yara za su yi dariya ko su ce ai dama haka suke. Yarinyar kuwa ta ce idan aka ɓoye, an yi ƙarya.

Ban ɗauki maganar yaron da wasa ba. Mu da muka tashi da sanin darajar rufin asiri mun san abin da yake karewa, kuma tsoron nasa yana da tushe: a garin nan ana yawan ba da labarin 'yan asalin ƙasa ta fuskar talauci da shaye-shaye kawai, har yaro ya tashi yana zaton babu komai sai wannan. Amma yarinyar ma tana da gaskiya, domin labarin da ya tsaya a fadar sarki yana nuna kamar ƙasar ta saka masa da alheri, alhali ba haka aka yi ba.

Abin da ya warware matsalar shi ne duba wanda ke aikata aikin a cikin jimla. Katinsu na farko cewa ya yi: "Tommy ya talauce bayan yaƙi." Malamar ta tambaye su ko haka kawai talaucin ya faɗo masa, ko akwai abin da aka yi. Muka taimaka musu suka nemo dokar ba tsofaffin sojoji filin noma ta 1942. A ƙarƙashinta, sojan da ya dawo zai iya samun rancen da ya kai dala 6,000 ya mallaki gona. Wanda ya koma keɓaɓɓiyar ƙasar al'ummarsa kuwa, tallafin da bai wuce dala 2,320 ba ne rabonsa, shi ma ta hannun jami'in gwamnati mai kula da yankin. Suka kuma gano cewa mafi yawan 'yan First Nations ba su sami cikakken 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1960, shekara 15 bayan Tommy ya tsaya gaban sarki. Sai katin ya koma: "Kanada ba ta ba shi abin da ta ba sauran sojoji ba." A shafin babu komai sai lambobi biyu manya, 6,000 da 2,320, kowanne da sanda gwargwadon girmansa.

Ba su tsaya nan ba. Da suka ci gaba da tono shekarun da suka ɓace, sai ga wani Tommy da ba su sani ba. A 1947 ya je Ottawa a madadin ƙungiyar 'yan asalin Manitoba, ya tsaya gaban kwamitin majalisa yana neman a gyara dokar da ke mulkin rayuwarsu, yana neman makarantu da hanyoyi da gidaje masu kyau. Ya sake shiga soja ya je Koriya, yana cikin bataliyar da ta riƙe tudun Kapyong a Afrilun 1951. A 1955 ya ceto wani mutum da ke nutsewa a Jan Kogi, a bakin tashar jiragen ruwa ta Alexander. Kuma a shekarar 2000, da lambobinsa suka bayyana a gwanjo, danginsa da jama'a suka haɗa kuɗi aka saye su a kan dala 75,000, aka ajiye su a gidan tarihi na Manitoba, inda yaran za su iya zuwa su gani. Yaron da ya ƙi magana shi ya nemi a ba shi shafin Ottawa. Batun ɗakin marasa galihu kuwa ba a sa shi a allo ba. Aka yarda yarinyar ta faɗe shi da baki, a jimla ɗaya, bayan an riga an nuna alƙaluman kuɗin nan biyu.

Lokacin da suke wannan aiki na tuna tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙin Bama a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, ƙarƙashin wannan sarki dai, waɗanda da yawansu suka dawo gida ba su ga abin da suka sa rai ba. Na faɗa wa yaron ɗan Najeriya da ke ajin, ya ce zai tambayi babansa.

Mutumin da ba shi ba ne, da maganar da ba tasa ba ce

Sharaɗin ambaton al'umma ya kama wani kuskure da ba mu zata ba. Wani rukuni ya zaɓi Grey Owl, don sun ga hotonsa da dogon kitso da rigar fata, kuma ya taɓa zama a gandun Riding Mountain na Manitoba a 1931 yana kare biba, dabbar ruwan nan mai datse rafi da itace. Da suka zo cika gurbin al'ummarsa sai abin ya gagara. Sunansa na gaskiya Archibald Belaney, Bature ne haifaffen Hastings a Ingila a 1888, ya zo Kanada a 1906 ya ari shiga da suna, kuma sai da ya mutu a 1938 jarida ta fallasa shi. Yaran suka ji kamar an yaudare su, kuma an yaudare su ɗin. Maimakon su watsar da abin da suka tara, malamar ta nuna musu matar da ke gefensa a hotunan: Anahareo, mai jinin Mohawk da Algonquin, haifaffiyar Mattawa a Ontario, wadda ita ce ta sa ya bar ɗana tarko, ta kuma ci gaba da fafutukar kare dabbobi har aka ba ta lambar girma ta ƙasa a 1983. Gabatarwar ta koma kanta.

Rukunin Autumn Peltier, 'yar Wiikwemkoong da ke tsibirin Manitoulin, wadda ta yi jawabi kan ruwa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 tana da shekara 13, ya buɗe da wata magana mai daɗi kan ƙasa da ruwa, an jingina ta ga sarki Seattle. Matsala biyu ce. Seattle mutumin gaɓar yammacin Amurka ne, ya rasu tun 1866, babu abin da ya haɗa shi da ita. Sannan sigar jawabinsa da ta fi yawo a intanet wani marubucin fim ne ya tsara ta a farkon shekarun 1970. Muka kafa doka: ba a sa zancen kowa a shafi sai an ji shi daga bakinsa a bidiyo, ko an same shi a rubutun da ya faɗi rana da wurin da aka yi maganar. Da yake Autumn tana raye kuma jawabanta suna nan, suka saurara suka zaɓo da kansu. Su ne kuma suka haɗa labarinta da na tafkin Shoal, suka sa hoton famfon da ke bakin ƙofar ajinmu.

Rukunin Tom Longboat, ɗan Onondaga da ya lashe gudun dogon zango na Boston a 1907 cikin awa 2 da minti 24 da daƙiƙa 24, ya tarar wasu majiyoyi sun ce 1886 aka haife shi, wasu 1887. Suka so su zaɓi ɗaya su wuce. Aka ce su rubuta duka biyun, su gaya wa aji cewa majiyoyi sun saɓa.

Kan hotuna, darasi ɗaya ya wadatar. Malamar ta haska hoto biyu na Edward Curtis, wanda ya ɗauki dubban hotunan 'yan asalin Arewacin Amurka a farkon ƙarni na 20: mutum biyu 'yan Piegan zaune cikin tanti. A na asali akwai agogo a tsakaninsu. A wanda aka buga an goge shi, don kada su yi kama da mutanen zamaninsu. Yaran suka yi ta neman bambancin har suka gano. Bayan wannan ba mu sake jin gardama kan tambayar "wane ne a hoton, wa ya ɗauka" ba.

Gwaji da ranar gabatarwa

Sauran aikin na fasaha ne, bai ɗauki lokaci ba. Kowane rukuni ya haska shafinsa, ɗaya daga cikinsu ya koma bangon baya. Abin da bai iya karantawa ba, a ƙara masa girma ko a cire. Aka kashe motsi da ƙara. Aka yi gwaji da agogo. Sunayen al'ummomi da garuruwa aka nemo yadda masu su ke furta su, aka maimaita har bakin ya saba. A nan wata yarinya 'yar Anishinaabe, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, ta gyara wa rukunin Autumn furucin Wiikwemkoong, ta kuma sa suka maimaita har ta gamsu.

Waɗanda tsarin ya fi taimaka wa su ne sababbin zuwa. A da, yaron da Turancinsa bai nuna ba sai ya juya wa aji baya yana fama da dogon rubutun da bai san ma'anarsa ba. Yanzu jimla ɗaya ce a allo, wadda shi da abokansa suka gina, ga hoto yana tallafa masa, ga jimla biyu ko uku a katin hannu. Wani yaro ɗan Yukiren da bai cika magana a aji ba shi ya ba da labarin fartanya da igiyar takalmi, har da kwaikwayon durƙuson.

A ranar, abin da na fi lura da shi tambayoyi ne. A irin wannan gabatarwa yawanci tafi ake yi a wuce. Wannan karon, da rukunin Tommy Prince ya gama, hannuwa suka tashi: me ya sa kuɗin bai zo ɗaya ba, wa ya yanke haka, an biya su daga baya? Tambayar ƙarshe yaran ba su da amsarta, malamar ce ta ce a 2002 gwamnatin tarayya ta yi tayin biyan kowane tsohon soja ɗan First Nations abin da bai wuce dala 20,000 ba, lokacin Tommy ya yi shekara 25 a kabari.

Abin da bai gyaru ba

Ba duka ne suka yi kyau ba. Rukunin Louis Riel ya kasa. Tarihinsa ya yi wa shafi shida yawa: tirjiyar Jan Kogi ta 1869 zuwa 1870, kafa lardin Manitoba, gudun hijira, yaƙin 1885, rataye shi a Regina ranar 16 ga Nuwamba na shekarar, har zuwa dokar 2023 da ta amince da shi a matsayin firimiyan Manitoba na farko. Suka ƙi barin ko ɗaya, suka koma cusa rubutu, suka zarce lokaci, ajin ya gaji. Da an taƙaita musu tun farko a kan tambaya ɗaya, misali yadda Manitoba ta zama lardi, da sun iya.

Aikin ya ci kusan ninkin lokacin da aka ware masa, wani darasin ya matsa. Kuma akwai giɓin da ya fi damuna: duk abin da yaran suka sani daga allo da littafi suka same shi. A garin da ke da 'yan asalin ƙasa sama da dubu 100, babu dattijo ko dattijuwa ko ɗaya da ya shigo ajin. Gayyatar dattijo tana da ƙa'idarta, akan miƙa taba wajen roƙo a al'adar Anishinaabe da Cree, akan tanadi abin girmamawa, kuma akan nema da wuri. A watan Yuni kowa nemansu yake.

Sabuwar takardar maki yanzu tana tambayar ko katunan shida kaɗai sun ba da labari, ko an ambaci al'ummar mutumin da garinsa, ko an san asalin kowane hoto da kowane zance, ko an faɗi abin da ya tare masa hanya da wanda ya gindaya shi, da ko na bangon baya ya iya karantawa. Ado ba shi da maki. Malamar ta ce badi za ta fara tun watan Afrilu, ta nemi mai jawabi daga Hukumar Hulɗar Yarjejeniyoyi ta Manitoba, wadda ke tura masu magana makarantu, ya zo kafin a raba sunaye. Jerin sunayen ma za a sake shi, a sa aƙalla rabinsa mutanen da ke raye, irin su Wab Kinew, wanda a 2023 ya zama ɗan First Nations na farko da ya riƙe firimiyan lardi, da Mary Simon, 'yar Inuit da ta zama gwamna janar a 2021, sannan a bar gurbi ga duk yaron da yake son ya gabatar da kakarsa ko wani na gidansu, idan gidan sun yarda.